Daga Katin Awo Zuwa Kwamfuta: Tarihin Ajiye Labarin Masu Ciwo

Duk wanda ya taɓa kai mara lafiya asibiti ya sani cewa kafin a ga likita sai an bi ta ɗakin kati. A can ne akawu yakan tambayi suna da gari da shekaru, ya rubuta, ya ba da lamba. In mutum ya taɓa zuwa, sai a shiga neman tsohon katinsa cikin tarin takardu. Wata rana a same shi nan da nan, wata rana kuwa a yi rabin yini ana nema, daga bisani a ce masa ya sayi sabo. Mutane da yawa suna ganin wannan ɓata lokaci ne kawai. Amma sa'ad da kati ya ɓace, abin da likitan bara ya gani ya ɓace tare da shi, watau maganin da aka gwada bai yi aiki ba, da allurar da jikin mutumin ya ƙi, da nauyin yaro kafin ciwo ya kama shi. Dole likitan bana ya soma daga fari, akwai kuwa cututtukan da irin wannan jinkiri yakan ci rai a cikinsu.

Shekara wajen 70 ke nan ana ƙoƙarin gyara wannan al'amari a ƙasashe masu tasowa, da fari da takarda, daga baya da kwamfuta. An yi nasara a wasu wurare, a wasu kuma an zubar da kuɗi masu yawa a banza. Wanda ya bi tarihin zai ga abu guda yana ta maimaituwa. Tsarin da aka shirya domin ya taimaki ma'aikacin asibiti da mai ciwo a daidai lokacin da suke zaune tare, shi ne yakan daɗe. Wanda aka shirya domin ofishi mai nisa kaɗai, ko aka kwaso shi daga wata ƙasa ba a duba halin wurin ba, yakan mutu tun bai yi ƙwari ba.

Asalin fayil

Ko a Turai ma, fayil na mai ciwo ba tsohon abu ba ne. A dā kowane likita yana da babban littafinsa, yana rubuta waɗanda ya gani bi da bi bisa ga kwanan wata. Wanda ya zo sau biyar a shekara, labarinsa yana warwatse a shafi biyar, watakila ma a littattafai dabam dabam. Florence Nightingale, wadda ta gyara aikin jinya a Ingila, ta koka a 1863 cewa ta nemi rubutattun labaran asibitoci waɗanda za a iya gwada su da juna, da ƙyar ta sami wani abin kirki. A 1907 ne wani likita mai suna Henry Plummer, a asibitin Mayo na Amurka, ya fito da dabarar da ake bi har yau: kowane mai ciwo a ba shi lamba ɗaya da fayil ɗaya, duk likitan da ya duba shi ya rubuta a ciki.

Asibitocin mishan da na gwamnatin mulkin mallaka sun kawo rajista da kati Afirka, amma halin da suka tarar dabam ne. Likita ɗaya yakan duba taron jama'a a yini, ba shi da zarafin dogon rubutu. Gara da damshi suna cin takarda. A gari ɗaya ana samun mutane da yawa masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya, yawancinsu ba su da takardar haihuwa, gidajensu kuma ba su da lamba. Saboda haka neman katin mutum ta wurin sunansa aiki ne mai wuya, in kuwa ya yar da 'yar takardar da ke ɗauke da lambarsa, sai dai a buɗe masa sabo.

Katin da uwa take riƙewa

A 1956 wani likitan yara ɗan Ingila, David Morley, ya zo aiki a asibitin Wesley Guild na mishan Metodis a Ilesha, cikin ƙasar Yarbawa. Ya ga yaran da ake kawo masa sun riga sun galabaita, yawancinsu kuwa da cututtukan da ana iya tare su tun da wuri, kamar ƙyanda da zazzaɓin cizon sauro da tamowa. Sai ya ɗauki wani ƙauye mai suna Imesi-Ile, shi da wata nas, Margaret Woodland, suka yi ta bin yara wajen 400 tun daga haihuwa, suna auna su wata wata. Daga wannan aiki ne aka sami asibitin yara 'yan ƙasa da shekara 5, da kuma katin awo.

Katin yana da layuka masu lanƙwasa waɗanda suke hawa daga hagu zuwa dama. A ƙasa ana jera watanni, ana somawa da watan da aka haifi yaron, domin kada ma'aikaci ya sha wahalar lissafin shekarunsa. Kowane wata a ɗora yaro a sikeli, a ɗiga alama. In alamun suna hawa tare da layukan, yaro yana kan hanyar lafiya, ma'anar sunan da aka ba katin ke nan da Turanci. In suka tsaya ko suka soma gangara, ko uwar da ba ta yi makaranta ba tana iya gani da idonta, tun kafin ƙafafun yaron su kumbura. A katin nan ɗaya ake rubuta rigakafin da aka yi masa da cututtukan da ya yi.

Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne Morley ya ce a ba uwa katin cikin jakar leda ta tafi da shi gida. Wasu suka ce ai za ta ɓatar. Aiki kuwa ya nuna iyaye mata sun fi ɗakin kati iya adana shi, gama uwa kati biyu ko uku take lura da su, akawu kuwa dubbai. Ban da haka, ba a ɓata lokaci wajen nema, in kuma iyali suka yi ƙaura katin yana tafiya tare da yaron. A 1978 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da nata katin bisa wannan misali, a 1982 kuma UNICEF ta sa awon yara cikin manyan ayyuka huɗu na ceton rayukan ƙanana. Karnen da mata suke kai wa awo a Nijar da Cadi da Kamaru, da katin da ake ba su a Gana, jikokin katin Imesi-Ile ne.

Shigowar kwamfuta

A 1972 wani likita mai suna Clement McDonald, na Cibiyar Regenstrief a birnin Indianapolis ta Amurka, ya soma ajiye labarin masu ciwon sukari cikin kwamfuta. A 1976 ya buga sakamakon gwajin da ya nuna cewa in na'ura tana tuna wa likita gwajin da ya kamata a yi, ko maganin da bai dace da wannan mutum ba, likitoci sun fi aikata abin da ya wajaba. Kwamfutocin wannan zamani manya ne, masu tsada, suna bukatar ɗaki mai sanyi da wutar da ba ta yankewa. Ba wanda ya yi zaton za su kai ƙauyen Afirka da wuri.

Ɗaya daga cikin gwaje-gwaje na fari a Afirka ta Yamma a Ile-Ife aka yi shi. A 1989 masana na Jami'ar Obafemi Awolowo da asibitin koyarwarta suka haɗa kai da Jami'ar Kuopio ta ƙasar Finlan, suka soma shirya wani tsari da aka kira MINPHIS. A 1991 ya soma aiki, yana riƙe da sunayen waɗanda aka kwantar, da waɗanda aka sallama, da ciwon da aka same su da shi. Bisa wani tsari na asibitocin tsofaffin sojan Amurka, wanda ake samu kyauta, suka gina shi, suka daidaita shi da bukatar wurinsu. Da yake 'yan ƙasa ne suka san cikinsa, in ya lalace akwai mai gyarawa a kusa, ya kuwa yi shekaru yana aiki har ya kai wasu asibitocin koyarwa na Najeriya. Asibitin Wesley Guild, inda Morley ya yi aiki, tun shekarun 1970 ya zama reshen wannan asibitin koyarwa.

A Afirka ta Kudu labarin dabam ne. A ƙarshen shekarun 1990 lardin da yanzu ake kira Limpopo ya ƙudura sa kwamfuta a asibitocinsa 42 gaba ɗaya, aikin da aka ware masa rand miliyan 134. A lokacin babu irinsa a Afirka wajen girma. Aka ba babban kamfani kwangila, aka soma kafa na'urori a 1998, amma aikin bai kai ƙarshe ba. Masu binciken da suka buga labarinsa a 2003 sun nuna cewa ba a fahimci yadda aikin asibiti yake gudana a yini ba, ba a bayyana wa ma'aikata amfanin da tsarin zai yi musu ba, wasu asibitocin kuma ba su da ɗaki ko wuta ko layin sadarwa da zai ɗauki na'urorin.

Mosoriot

Mosoriot wani ƙaramin asibitin karkara ne a yammacin Kenya, kusa da birnin Eldoret. Tun wajen 1990 Jami'ar Indiana ta Amurka take abuta da makarantar likitoci ta Jami'ar Moi a Eldoret, ta wannan hanya kuwa mutanen Cibiyar Regenstrief suka isa wurin. Sun tarar kowane ɗaki na asibitin yana da rajistarsa, ɗakin awo da tasa, ɗakin gwaji da tasa, ɗakin magani da tasa. Ana rubuta sunan mutum ɗaya sau da yawa a zuwa ɗaya, duk da haka ba inda za a ga labarinsa a haɗe. A ƙarshen wata akawu yakan yi kamar mako biyu yana ƙirga layuka da hannu domin rahoton gwamnati.

A watan Fabrairu 2001 aka soma sabon tsari, masu shirya shi kuwa, cikinsu har da William Tierney da Terry Hannan da Joseph Rotich, ba su nemi abin da wurin ba zai iya ɗauka ba. Kwamfuta ɗaya ce, da batir na ko-ta-kwana. Kowane mai ciwo aka ba shi kati mai lamba. In ya zo, a ba shi takarda mai shafi ɗaya ya bi ɗakuna da ita, kowane ma'aikaci ya sa alama a gurbinsa, a bakin ƙofar fita akawu ya shigar da abin da ke ciki. Cikin wata shida aka shigar da zuwa asibiti wajen 10,000.

Da aka auna, sai aka ga lokacin da mutum yake yi a asibitin ya ragu da kashi 22 cikin 100, zaman jira kuma ya ragu da kashi 38. Rahoton wata ya koma aikin kamar sa'a ɗaya. Har wa yau, na'urar ta nuna abin da rajista ta ɓoye: wani ƙauye inda yara ba sa samun rigakafi yadda ya kamata, da wani inda ciwon sanyi ya yi yawa, aka kuwa aiki ma'aikata can. Amma awon ya kuma nuna cewa lokacin da ma'aikata suke yi tare da masu ciwo ya ragu ƙwarai. Kwamfuta tana iya ba ma'aikaci sauran lokaci, abin da zai yi da shi kuwa ya rataya a kan shugabanci da lamirinsa.

Cutar da ta tilasta a riƙa tunawa

Abin da ya mai da wannan ƙaramin gwaji babban al'amari shi ne cutar ƙanjamau, wadda a Nijar da Kamaru da Cadi ake kira sida. Tun 1996 akwai haɗin magunguna da ke danne ƙwayar cutar, amma tsadarsu ta fi ƙarfin Afirka. A 2001 kamfanin Cipla na Indiya ya ce zai sayar da na shekara guda a kan dala 350. A 2002 aka kafa Asusun Duniya na yaƙi da ƙanjamau da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro, a 2003 kuma Amurka ta buɗe shirinta na PEPFAR. Nan da nan magani ya soma isa ga dubban mutane.

Yawancin asibitocin karkara an gina su ne domin ciwon da ake warkarwa cikin 'yan kwanaki. Maganin ƙanjamau kuwa har iyakar rai ake shansa. In mutum ya yi ta tsallake kwanaki, ƙwayar cutar takan gagari maganin, sai an koma ga wani mai tsada. Dole asibiti ya san wane haɗi mutum yake sha, yaushe aka auna jininsa, wa ya kamata ya zo makon jiya bai zo ba. Ga mutum 200 rajista ta isa. Ga mutum 20,000 ba akawun da zai iya.

A Eldoret an kafa shirin jinyar masu ƙanjamau mai suna AMPATH a 2001, ƙarƙashin jagorancin likita Joe Mamlin da abokan aikinsa 'yan Kenya. Suka faɗaɗa tsarin Mosoriot, amma kafin 2004 yawan mutane ya fi ƙarfinsa. Sai likitoci biyu na Regenstrief, Paul Biondich da Burke Mamlin, suka ɗauki aikin gina sabo. A watan Satumba na shekarar, a wani taro a San Francisco, suka gamu da Hamish Fraser na ƙungiyar Partners In Health, wanda ya riga ya shirya irin wannan tsari domin masu tarin fuka mai gagarar magani a Peru da masu ƙanjamau a tsaunukan Haiti. Suka ga aiki ɗaya suke yi a wurare dabam dabam, suka yarda su haɗa. Chris Seebregts na Afirka ta Kudu ya shigo cikinsu. Abin da suka gina shi ne OpenMRS. A Fabrairu 2006 ya soma aiki a Eldoret, a Agusta ya kai Rwinkwavu ta ƙasar Ruwanda.

Abu biyu suka sa ya bazu. Na fari, kyauta ne, rubutun da aka gina shi da shi kuma a buɗe yake, kowace ƙasa tana iya ɗauka ta gyara ba ta biya kowa ba. Na biyu, an gina shi a kan ƙamus. Kowace tambaya da kowace amsa, kamar nauyi ko tari ko sunan magani, tana da lambarta a ƙamus ɗin. In sabuwar cuta ta ɓullo, sai a ƙara kalmomi, ba sai an rushe ginin ba. Lambar kuwa ɗaya ce ko da Turanci aka rubuta ko da Faransanci. Ya kai ƙasashe fiye da 60, Kenya da Yuganda da Najeriya kuma kowace ta yi nata samfurin daga gare shi. A Indiya an haɗa shi da tsarin ɗakin gwaji da na kuɗi aka sami Bahmni, wanda aka fara domin wani asibitin karkara a jihar Chhattisgarh.

Dabarar McDonald ta tunatarwa ita ma ta yi aiki a Eldoret. Wani bincike da aka buga a 2013, a kan yara masu zuwa asibitin ƙanjamau, ya nuna cewa inda aka buga wa ma'aikaci takardar tunatarwa an cika kashi 68 cikin 100 na ayyukan da aka makara da su, inda ba a buga ba kuwa kashi 18 kaɗai.

Malawi

A Malawi wata hanya aka bi. A 2001 wani masanin kwamfuta, Gerry Douglas, ya soma aiki a sashen yara na babban asibitin Lilongwe, wanda ake kira Kamuzu. Ya lura cewa in akawu ne yake shigar da labari bayan mai ciwo ya tafi, kuskure ba ya gyaruwa, ma'aikacin da ya rubuta kuma ba ya samun kome daga na'urar. Sai ya sa ƙananan kwamfutoci masu allon da ake taɓawa da yatsa a gaban ma'aikatan kansu, tambaya ɗaya a allo ɗaya, da manyan maɓallai, yadda wanda bai taɓa koyon buga tafireta ba zai iya. Na'urorin ba sa cin wuta da yawa, da batura suke aiki, saboda haka ɗaukewar wuta ba ta tsai da layi. Ƙungiyar da ta fito daga wannan aiki ita ce Baobab Health.

A Malawi kowane mai ciwo yana riƙe da ɗan littafin lafiyarsa. Maimakon a kawar da shi, sai na'urar ta riƙa buga 'yar takarda mai gam, ɗauke da lamba mai zane-zane irin ta kayan kanti, a manna a littafin. In mutum ya dawo, a haska lambar, labarinsa ya fito. Bayan an duba shi a sake buga taƙaitaccen bayani a manna masa. Ta haka asibiti yana da labarin, mai shi ma yana da shi a aljihu, kamar yadda Morley ya so. Sa'ad da ƙasar ta soma raba maganin ƙanjamau kyauta a 2004, da kati da rajista ta fara, bisa misalin aikin tarin fuka. A 2006 aka kai tsarin allo babban asibitin Queen Elizabeth na Blantyre, inda yawan mutane ya fi ƙarfin takarda, ƙananan wurare kuwa suka ci gaba da katinsu.

Ƙidayar ƙasa

Akwai wani irin tsari kuma wanda ba ya riƙe sunan kowa, jimla kaɗai yake tarawa: haihuwa nawa a wannan wata, rigakafi nawa, zazzaɓi nawa. Sa'ad da mulkin wariyar launin fata ya ƙare a Afirka ta Kudu a 1994, sabuwar gwamnati ta gaji ma'aikatun lafiya 14, kowace da takardunta. Masana na Jami'ar Western Cape da Jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe suka soma aiki a unguwannin talakawa na Cape Town, suka fito da DHIS. Ka'idarsu ita ce a rage tambayoyi zuwa waɗanda ake bukata da gaske, kuma wanda ya tara ƙidaya shi ne zai fara amfani da ita. Sabon samfurinsa, DHIS2, an fara shi a jihar Kerala ta Indiya a 2006. Kenya ta shimfiɗa shi a ƙasa duka ta intanet a 2011, Gana a 2012. Yau ma'aikatun lafiya na ƙasashe fiye da 70 suna aiki da shi, har da Nijar da Kamaru da Najeriya. Rahoton da nas take cikawa a ƙarshen wata a ƙaramin asibitin ƙauye, can yake ƙarewa. Inda ƙidayar take hawa sama ba ta dawowa, ma'aikata sukan cika gurabe don a bar su su huta, lambobin kuwa su zama marasa amfani.

Annobar Ebola ta 2014 ta nuna wani gefe na al'amarin. A wuraren jinya na Saliyo takardar da ta shiga ɗakin masu cutar ba ta fitowa, gama tana iya ɗauko ƙwayar. Ma'aikata sukan tsaya a bakin shinge suna faɗar abin da suka rubuta da ƙarfi, wani yana kwafewa a waje. A Kerry Town aka shirya samfurin OpenMRS domin wannan, ƙungiyar likitoci ta MSF kuma tare da Google suka yi allon hannu da ake tsomawa cikin ruwan kashe ƙwayoyi. Amma kafin su kammala, annobar ta soma lafawa. Tsarin da ba a kafa shi lokacin zaman lafiya ba, da wuya ya iso a kan kari.

Abin da ya rage

Matsaloli uku ba su warware ba har yanzu. Ta fari ita ce yawan tsare-tsare. Kowane mai ba da taimako yakan zo da nasa, ɗaya domin ƙanjamau, ɗaya domin tarin fuka, ɗaya domin rigakafi, ba sa magana da juna, nas ɗaya kuwa ita ce take cika su duka, ga rajistar takarda ba a daina ba. Abin ya kai har ma'aikatar lafiya ta Yuganda ta dakatar da sababbin gwaje-gwaje irin waɗannan a 2012, sai an daidaita su.

Ta biyu ita ce kuɗi. Manhajar kyauta ce, amma batir da mai gyara da albashin akawu ba kyauta ba ne, a ƙasashe da yawa kuwa kuɗin waje ne yake biyansu. A Janairu 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da yawancin taimakonta na waje, a Yuli kuma aka rufe hukumar USAID. A Kenya da wasu ƙasashe akawunan da suke shigar da labari suka rasa aiki, wasu asibitoci suka koma takarda. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara.

Ta uku ita ce asiri. A ƙaramin gari akawun asibiti maƙwabci ne, watakila ma a majami'a ɗaya ake sujada da shi, labarin ciwon mutum kuwa in ya fita yana iya kashe aure ko ya hana shi aiki. Kwamfuta tana da kalmar sirri, tana kuma iya nuna wanda ya buɗe fayil da lokacin da ya buɗe, abin da ɗakin kati ba ya iyawa. Amma sunayen da dā sai an cika mota da su, yanzu ana iya kwashe su cikin abin da bai fi ɗan yatsa ba. Gana ta yi dokar kare bayanan mutane a 2012, Nijar a 2017, Najeriya a 2023. Doka tana hukunta wanda aka kama, riƙon amana kuwa daga tarbiyyar ma'aikaci yake fitowa.

Ga mutanen da suke zaune a bakin iyaka akwai ƙarin magana. Asibitin Galmi, wanda mishan SIM ta buɗe a Nijar a 1950, yana karɓar masu ciwo daga Nijar da Najeriya, haka yake kuma a asibitoci da yawa na arewacin Kamaru da Cadi. Kwamfutar wata ƙasa ba ta aika labarin mai ciwo zuwa ta wata ƙasa. Abin da yake ƙetare iyaka tare da ɗan kasuwa ko ɗan ci-rani shi ne katin da ke aljihunsa.

Saboda haka kwamitin asibiti ko na ƙaramin ɗakin magani na ikkilisiya, in aka kawo masa tayin sa kwamfuta, ya kamata ya yi tambayoyin da wannan tarihi ya koyar tun bai sa hannu ba. Wa zai gyara ta in ta tsaya, a ina kuma yake zaune? Yaya za a yi aiki ranar da babu wuta? In masu taimako suka tafi, wa zai biya, a hannun wa kuma labarin mutane zai kasance? Me nas za ta samu daga na'urar sa'ad da mai ciwo yake gabanta? Mai karatu kuma wanda yake da yaro ko tsoho a gida, ya adana kati da karne cikin leda, a wurin da gara ba ta kaiwa, ya riƙa tafiya da su duk asibitin da za shi, ya kuma roƙi ma'aikaci ya rubuta masa sunan maganin da aka ba shi kafin ya fita.